Kilo Ashirin da Biyar

Salamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Da hannun hagu nake buga muku wannan, na daman yana naɗe cikin tawul da ƙanƙara, don haka wadda ta ga kuskure ta yi haƙuri. Wadda kuma ta rubuto min tana tambayar me mace mai shekara talatin da huɗu take nema a filin wasa tana tsalle-tsalle, na gode ƙwarai, amma mahaifiyata ta riga ki, kuma ta fi ki iya faɗa.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Tasnim Ayuba. A unguwar Ainu Shams ta Alƙahira muke zaune, hawa na huɗu, ni da mahaifiyata da muke kira Yumma. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Babana, Allah ya jiƙansa, shi ya ƙara gaba zuwa Alƙahira ina goye. Shekara ashirin da shida ya yi yana yayyafa wa filayen tanis ruwa yana gyara layi a wani kulob da ke Misrul Jadida, ni kuma ina biye da shi ina tsintar ƙwallo har na koyi dukanta. Sau huɗu na ɗauki kofin gasar ƙwararru ta mata da ake yi a kulob ɗin duk shekara. Ba irin manyan nan da kuke gani a talabijin ba ce, amma daga ƙasashe da dama ake zuwa, kuma a allon da ke bakin ƙofa sunana ya fi na kowa yawa.

Sai dai wasan ya canza muna ji muna gani. Lokacin da na fara, in mace ta zama gwana sai ta yi shekara biyar ana gudun haɗuwa da ita. Yanzu duk wata sai an haifo sabuwa. Yarinya 'yar sha bakwai za ta sauko daga jirgi da koci da mai tausa da uwa mai riƙe mata gorar ruwa, ta yi ta narka ƙwallo kamar ita ta kashe mata kaka, ta ɗauki kofi, wata mai zuwa 'yar sha shida ta kore ta. Ko manyan duniya da suka haura talatin da biyar, sai ki ga an yi waje da su tun zagayen farko, 'yan kallo sun miƙe tsaye suna ta tafi. Na tsani wannan tafin. A ɗakin canza kaya kuwa 'yan matan Masar sun fara ce min Hajja, ni da ko Umra ban taɓa zuwa ba.

Sai Bakri. Shi ne mai ɗaura wa raket tsirkiya a kulob ɗin, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakalar 'yan kallo. Bahaushen Gadarif ta Sudan ne, dogo, ba ya son hayaniya, yatsunsa duk kanta. Shekara biyar ke nan yana nemana da aure. Bari in ɗan yi muku bayanin sana'arsa don ku gane abin da na aikata. Da inji ake jan tsirkiyar raket, kuma kowace 'yar wasa da nauyin da take so a ja mata. In an ja da ƙarfi, ƙwallo na zuwa daidai inda kika aike ta, amma duk ƙarfin daga hannunki zai fito. In an sassauta, raket ɗin ne ke taya ki turawa. Ni tun ina 'yar sha tara kilo ashirin da biyar nake, kuma ina alfahari da hakan. In Bakri ya gama, sai ya liƙa ɗan farin tef a wuyan raket ya rubuta kwanan wata da lambar da koren biro.

Na gaya masa, na gaya wa Yumma, babu maganar aure sai na ɗauki kofi na biyar. Ba na son a zauna a gidan biki ana cewa Tasnim ta yi aure ne don tanis ta gama da ita. So nake in shiga ɗakina da kofi a hannu, kowa ya shaida ni na ajiye wasan. Shekara uku ke nan ina faɗuwa a hanya. Bana Yumma ta gaji, ta aika wa kawunsa Rilwanu cewa su zo ranar Juma'a, washegarin wasan ƙarshe, da kofi ko babu kofi.

To, saura mutum ɗaya, Mawada. Shekarunta sha takwas. Yaƙin Khartoum ne ya koro su nan ita da iyayenta, suka kama haya a layinmu. Ta iya riƙe raket tun a can, kuma ni da hannuna na kai ta kulob, na roƙi manya su bar ta ta yi atisaye, na ba ta tsohon raket ɗina. Cikin shekara biyu yarinyar nan ta miƙe ta zarce ni tsawo, ga fuska kamar ita ta zaɓa, ga dariyar da ba ta ƙarewa. Abla take ce min, wato yaya babba. Duk lokacin da ta faɗa sai in ji kamar ta ƙara min shekara ɗaya.

Ranar Talata na yi nasara da ƙyar a kan wata Baturiya, turmi uku cif, awa biyu da rabi a rana. Mawada kuwa cikin minti hamsin ta sallami tata ta je ta yi wanka. Ma'ana ranar Laraba ni da ita ne a wasan kusa da na ƙarshe.

Bayan azahar na gangara ɗakin Bakri in karɓi raket ɗina huɗu da ya ɗaura wa sabuwar tsirkiya. Tun daga ƙofa na jiyo dariyarta. Tana zaune a kan kujerar da ke gefen injin, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sanye da farar rigar atisaye da ɗankwali ruwan hoda, tana shan ruwan rake. Yatsanta na kan madannin da ke nuna nauyi, shi kuma yana sunkuye yana nuna mata yadda ake ɗaure kullin ƙarshe.

Ku saurara da kyau, don a nan zuciyata ta soma tafasa. Wannan kujerar tawa ce. Da can a kanta nake zama ina kallonsa yana aiki, muna shan shayi, a nan ma ya fara gaya min yana sona. Amma shekara huɗu ke nan da ya hana ni zama in yana ɗaura min raket. Kullum sai ya kira ni da laƙabin da ake yi wa 'yan wasa a nan ya ce, “Kabtin, je ki huta, in kina kallona hannuna rawa yake.” Ni kuma sakarai ina jin daɗi, ina cewa soyayya ce. Ga shi yau wata ta miƙe ƙafa a wurin, hannun nasa kuma ko gezau.

“Abla Tasnim!” Ta zabura ta rungume ni. “Mabruk! Na kalli turmin ƙarshe, wallahi har yanzu babu mai irin kanki a filin nan.”

Har yanzu. Kun ji fa.

“Allah ya yi albarka,” na ce, ina zare jikina.

Bakri ya miƙo min raket ɗin a cikin leda yana murmushi. “Ga su, Kabtin. Yaya gwiwar hannun? Na ga kina shafa ta a turmi na biyu.”

“Lafiyarta ƙalau. Ashe kana da lokacin kallo.”

Ya ɗan dube ni. Ni kuwa idona ya riga ya sauka a kan raket ɗin Mawada da ke jingine a bango. Farin tef, koren biro, rubutun da na fi sani a duniya: 25.

“Wannan kuma fa?” na nuna.

“Nata ne,” ya ce.

“Na ga nata ne. Lambar nake tambaya.”

“Abin da ta nema ke nan, Kabtin.”

Mawada ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Na ɗauki ledata na fita, ina jin yana kiran sunana har sau biyu. Ba zan ɓoye muku ba, kishi ne ya turnuƙe ni, irin wanda ke sa kunne ya yi ɗumi. Ya ba ta kujerata, ya ba ta lambata, gobe kuma zai zauna yana kallon wadda za ta fi iya amfani da ita.

Na isa gida na tarar falonmu ya koma shagon amare. Ƙanwata Safa ta zo da 'ya'yanta uku, an baje garwashi a kasko, turaren wuta ya cika gidan har matakala. Yumma na zaune a kan darduma ta shimfiɗa tob guda uku, irin lulluɓin nan namu na matan Sudan: ɗaya shuɗi mai zaren azurfa, ɗaya ruwan zuma, ɗaya ja mai ɗigon zinare. A kicin an jiƙa gero don kunun godogodo, an kuma yi wa mai agashe na bakin titi magana ya tanadi naman baƙin Juma'a.

“Yawwa, ga 'yar ƙwallo,” Yumma ta ce ko kallona ba ta yi ba. “Zo ki zaɓi wanda za ki sa. Mai lalle za ta zo ranar Alhamis da yamma.”

“Yumma, ranar Alhamis ina da wasan ƙarshe.”

“In Allah ya kai ki. In kin dawo sai ki miƙa hannun. Ko lalle ma yana hana kofi zama a kan kabad?”

“Ni fa ban ce na amince da Juma'ar nan ba.”

Ta ajiye tob ɗin ta ɗago. “Ya bitti, 'yata, kofi huɗu ne a ɗakin nan, ni nake goge su. Babu wanda ya taɓa ce min sannu a cikinsu. Yaron nan shekara biyar yana hawo mana bene da ledar lemo. Ki ji tsoron Allah.”

Safa ta kwashe da dariya tana latsa waya. Ita Safa ba mugunta take ba, bakinta ne kawai ba shi da marfi. “Ai in ba ki yi sauri ba, Yaya, akwai masu jira a layi. Kin ga abin da ƙanwarki ta ɗora?”

Ta miƙo min wayar. Hoto ne Mawada ta sa a shafinta, ita da Bakri a gaban injin, ta ɗaga raket sama, shi kuma yana dariya har haƙoransa na gefe a waje. Ni rabon da in ga wannan dariyar na manta. A ƙasa ta rubuta: *Mai hannun zinare. Sirrin gobe yana wurinsa.* Ta jera zukata uku, kore, kore, kore.

Na miƙa wa Safa wayarta na shige ɗaki na rufo ƙofa. Na zazzage raket ɗin huɗu a kan gado. Aikinsa kam babu makusa, kowane layi a miƙe, kowane kulli a ɓoye. Na tsaya ina kallonsu, wani tunani ya zo min wanda har yanzu nake jin kunyarsa. Mutumin da ya ɗaura mata ya ɗaura min a rana ɗaya, wa ya fi so ta yi nasara? In na faɗi gobe, ai shi ne da riba ta kowace fuska.

Almakashin ɗinkin Yumma na kan madubi. Na ɗauka na soma daga tsakiya. Tas, tas, tas. Ban tsaya ba sai da na yanke duka huɗun, na ɓare tef ɗinsa na murƙushe na jefa a kwandon shara. Sai a lokacin hankalina ya dawo, na duba agogo, uku da rabi, gobe ƙarfe goma zan shiga fili ba ni da raket ko ɗaya.

Na zura baƙar abaya a kan kayan wasana na ɗauki jaka.

“Ina kuma za ki?” in ji Yumma.

“Kasuwar Ataba.”

“Ataba? To ki sayo mana kofunan shayi dozin ɗaya, namu duk sun fashe baki.”

A taragon mata na jirgin ƙasa na tsaya tun daga Ainu Shams har Shuhada, jaka a ƙirji, wata tsohuwa na ta tambayata ko kayan kiɗa ne a ciki. Na canza jirgi na sauka a Ataba. Can bayan masu sayar da takalma akwai shagon wani Bamisire, Usta Osama, usta wato gwanin sana'a, mai sayar da kayan wasanni, yana da injin ɗaura raket a lungu. Dattijo ne mai tumbi, tabarau a kan hanci, carbi a wuyan hannu.

“Huɗu? Yau-yau?” Ya jujjuya su. “Tamam, awa biyu. Nawa za a ja?”

“Ashirin da biyar.”

Ya leƙo ni ta saman tabarau, ya kalli robar da na ɗaure gwiwar hannuna da ita. “Ya Madam, ashirin da biyar na matasa ne. In sa miki ashirin da biyu, hannunki ya yi min addu'a.”

Madam. Matasa. A ranar kowa ya sha alwashin sai ya ƙirga min shekaru.

“Usta, shekara sha biyar da ita nake wasa. Ka ja abin da na ce.”

“Hadir, an gama. Raket ɗinki ne, hannunki ne.”

Na ja kujera na zauna a gaban injin, na ƙura wa lambar ido har ya gama. Wayata na ta rawa a cinyata.

*Kabtin, kin isa gida lafiya?*

*Na ga ranki a ɓace. Me na yi?*

*Ki sa ƙanƙara minti ashirin kafin magariba. Kada ki manta.*

Na karanta duka. Sai can na rubuta: *Ka ji da ɗalibarka.* Ya turo alamar tambaya. Na kashe wayar. Kofunan Yumma ma sai da na hau jirgi na tuna da su.

Laraba ta waye da rana mai zafi. An shayar da jar ƙasar filin ruwa, ƙamshinta ya tashi, ƙamshin da ke tuna min da Babana. Mutanen layinmu sun cika gefe ɗaya, mata da tob kala-kala, sun rasa wadda za su goya wa baya, sai suka raba kansu biyu suna dariya. Safa ta zo, Yumma ba ta zo ba, ba ta taɓa zuwa ba. Na sa farin siket a kan dogon wando, riga mai dogon hannu da ɗankwalina baƙi na sa'a. Bakri na can inda ya saba zama, layi na uku kusa da matakala.

Bugun farko na ɗumama jiki, na ji ƙarar ta bambanta. Wani siririn “ƙyan” raket ɗin ya yi, girgizar ta bi hannuna har kafaɗa. Kun san me na ce a raina? Na ce yawwa, wannan shi ne aiki, ashe da can kwasar-kwasar ake yi min. Na waiga in ga ko yana kallo. Ya miƙe tsaye, ya kama ƙarfen da ke gabansa da hannu biyu.

Aka soma. Na daki ƙwallon da na saba aikawa can ƙarshen layi, sai ta faɗi a tsakiyar fili kamar an jefo tumatir. Mawada ta tako gaba biyu ta narka ta a kusurwa. Na sake, ta sake faɗuwa gajere. Na ƙara ƙarfi, na sa kafaɗa, na sa ƙugu, sai gwiwar hannuna ta fara magana. Kafin in farga uku da babu.

Da muka zauna hutun canza gefe, na ji murya a bayana ta cikin ragar waya.

“Tasnim.” Ba Kabtin ya ce ba. “Wa ya ɗaura miki wannan?”

Na ci gaba da shan ruwa.

“Don Allah wa ya ɗaura? Nawa ya ja?”

“Ashirin da biyar. A gaban idona.”

Na ji ya ja numfashi. “Miƙo min biyu ta saman raga. Minti ashirin na dawo miki da ɗaya. Ki ja wasan, ki yi ta ɗaga mata ƙwallo sama har in dawo.”

“Ka ɗaura wa ɗaya, ya isa. Je ka zauna ka yi mata tafi.”

“Tasnim, hannunki zai lalace. Ki ba ni, daga baya ki zage ni.”

Alƙaliyar wasa ta kira lokaci. Na miƙe na zuge jakar har ƙarshe a gabansa, na koma fili. Wannan zugewar ita ce ta fi komai tsaya min a rai yanzu.

Turmin farko shida da biyu. A na biyu, duk bugu sai in ji kamar ana soka min allurar ɗinkin buhu a gwiwar hannu. Na kai inda ba na iya ɗaga hannu sama in yi sabis. Ni Tasnim, a filin da ubana ya shekara ashirin da shida yana gyarawa, na koma bugo ƙwallo daga ƙasa kamar mai koya wa yara. Wurin ya yi tsit. Abin da ya fi ƙona min rai, sai na ga yarinyar ta rage ƙarfi, tana turo min ƙwallo a hankali inda zan iya kaiwa.

Na je bakin raga na ce mata, “In kika sake tausaya min, har abada kada ki gaishe ni.”

Idonta ya ciko. Ta koma ta gama da ni cikin minti goma. Shida da ɗaya.

Sai ga shi sun miƙe tsaye, duk filin, har masu sayar da ruwa, suna tafi. Na san ba nata ba ne.

A bakin raga ta faɗa jikina tana kuka kamar ita aka doke. “Abla, ki yafe min. Wallahi komai a wurinki na koya. Ko lambar nan, a jikin tsohon raket ɗin da kika ba ni na gani. Usta Bakri ya ce ta yi min yawa, na ce ni dai irin ta Abla nake so.”

Na bubbuga bayanta da hannun hagu, na ce ta je ta ɗauki kofin gobe. Na faɗa ne kawai don mutane na kallo.

Sai bayan la'asar, da likitan gasar ya gama murza ni ya ce wata uku kada in ɗaga ko buta, na gangara ɗan ɗakin. Shi kaɗai ne. Raket na kan inji, yana zura tsirkiya, bai ɗago ba. Na ajiye jakata a ƙasa na zauna a kujerar.

“Me ya sa ka miƙe tun bugun farko?”

“Na ji ƙarar.”

“Ƙarar ashirin da biyar ce. Kullum ita kake ji.”

Ya saki tsirkiyar ya goge hannu a wando. Ya ce, “Rabonki da ashirin da biyar shekara huɗu.”

Ban gane ba. Wallahi da farko ban gane ba.

“Kin tuna lokacin da gwiwar ta fara? Likita ya ce ki sassauta, kika ce sai dai ki daina wasa. Ni ma na gaya miki sau biyu, kika yi mako guda ba ki amsa sallamata ba. Sai na rage rabin kilo ban faɗa ba. Kika dawo kina murna, kika ce hannunki ya warke. Bayan wata shida na sake ragewa.”

“Kana rubuta ashirin da biyar.”

“Ina rubutawa.”

“Shi ya sa ka kore ni daga kujerar nan.”

Ya gyaɗa kai.

“Waɗanda na yanke jiya kilo nawa ne?”

“Ashirin da ɗaya.”

Na ji ɗakin ya yi min ƙanƙanta. Shekara huɗu ina yawo a kulob ina buga ƙirji, ina gaya wa 'yan mata cewa ni ban taɓa sauka ba, shi kuma yana gefe yana jina. Akwai tambaya ɗaya da nake tsoro, amma bakina ya riga ni.

“Kofi na huɗu fa?”

“Tasnim, ke kika ci shi. Ƙafarki ce, kanki ne, babu injin da...”

“Nawa?”

“Ashirin da huɗu.”

Na yi dariya, ban san daga ina ta fito ba, hawaye na zuba a kan abayata. Ya durƙusa a gabana, bai taɓa ni ba, ya ce ya san ya yi laifi, ya ce ya yi ta neman ranar da zai faɗa min ya rasa, ya ce shi dai ba ya iya kallona ina riƙe hannu ina cije leɓe. Duk na ji shi. Na kuma san gaskiya yake faɗa, don duk Alƙahira babu wanda ya san hannun nan kamarsa, har ni mai shi.

Idona ya koma kan raket ɗin da ke kan inji. Na Mawada ne, na wasan ƙarshe. Tef ɗin na gefe, ya riga ya rubuta lambar.

“Ita ma ƙarya kake rubuta mata?”

“A'a.”

“Ashirin da biyar ɗin ce da gaske?”

“Da gaske.” Sannan a hankali, kamar mai ba da haƙuri, ya ƙara, “Ita ba ta buƙata.”

Na ɗauki jakata da hannun hagu na fito. Ya biyo ni har bakin ƙofar kulob yana tambaya ko ya ce wa Kawu Rilwanu su zo jibi ko su dakata. Ban ba shi amsa ba, har yanzu da nake rubuta muku ban ba shi ba. Saƙonsa na nan a buɗe a gabana. A falo Yumma ta zaɓar min jan tob ɗin da kanta, ina jin ta tana gaya wa Safa a ƙara sukari a cefane.

Kwana biyu na yi ina ƙonewa a kan cewa Bakri ya ga yarinya ya canza. Ashe bai kalle ta ba ma, ni yake kallo, ya ga abin da na ƙi gani tun shekara huɗu, ya rufa min asiri har daga kaina. Ku ce min butulu in kun ga dama. Amma wallahi da ce min ya yi yana sonta, da ya fi min sauƙi.